NAZARI: Shin ƙasa za ta iya wadata ba tare da tattalin arzikinta ya ci gaba da haɓaka ba? Masana sun duƙufa lissafi

A watan Oktoban 2022, Majalisar Binciken Kimiyya ta Tarayyar Turai ta sanar da ware kusan Yuro miliyan 10 ga wasu masana uku, domin su shafe shekara shida suna nazarin wata tambaya da akasarin ministocin kuɗi na duniya ba su son ko jin ta. Tambayar ita ce: shin ƙasa za ta iya ciyar da jama'arta, ta ba su aikin yi, ta kula da lafiyarsu da karatun 'ya'yansu, alhali tattalin arzikinta ya daina ƙaruwa shekara bayan shekara?

Masanan su ne Giorgos Kallis da Jason Hickel na Cibiyar Kimiyyar Muhalli ta Jami'ar Autònoma da ke Basalona a Sifaniya, sai Julia Steinberger ta Jami'ar Lausanne a Suwizalan. Kallis ɗan ƙasar Girka ne, masanin alaƙar tattalin arziki da muhalli. Hickel, wanda aka haifa a Eswatini da ke kudancin Afirka, masanin halayyar al'umma ne da ya karkata ga binciken rashin daidaito tsakanin ƙasashe. Ita kuwa Steinberger digirinta na uku a kimiyyar fiziks ta yi shi, kuma tana cikin manyan marubutan rahoto na shida na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC. Irin wannan tallafi dama ba a ba wa mutum ɗaya. Sharaɗinsa shi ne masana biyu zuwa huɗu su kawo matsalar da ta fi ƙarfin fanni guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shirin nasu, mai suna REAL, ya fara aiki a 2023. Akwai kuma wani mai suna MAPS da Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyi ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Basalona, wanda ya haɗa jami'o'i da cibiyoyi daga ƙasashe da dama. Abin da ya haɗa su duka shi ne yunƙurin fitar da wannan ra'ayi daga fagen muhawarar fatar baki zuwa fagen alƙaluma, ta hanyar gina manhajojin kwamfuta da za su gwada abin da manufofi za su haifar kafin a aiwatar da su a kan mutane.

Inda tambayar ta samo asali

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aunin da gwamnatoci ke auna nasararsu da shi shi ne GDP, wato jimillar ƙimar kayayyaki da hidimomin da ƙasa ta samar a shekara. Simon Kuznets, wanda ya tsara lissafin kuɗin shigar ƙasa ga majalisar dokokin Amurka a 1934, ya yi gargaɗi tun a lokacin cewa ba za a iya gane walwalar al'umma daga wannan adadi kaɗai ba. Ma'aunin yana ƙirga kuɗin sayar da itacen da aka sare, amma ba ya cire asarar dajin. Ba ya ganin aikin uwar da ke rainon 'ya'ya a gida, kuma ba ruwansa da wanda ribar ta shiga aljihunsa.

Ɗumamar duniya ce ta sake taso da maganar. A Yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashe sun yi alkawarin ƙoƙarin hana zafin duniya ƙaruwa fiye da digiri 1.5 a ma'aunin salshiyos. Amsar da akasarin gwamnatoci suka runguma ita ce a ci gaba da haɓaka tattalin arziki, a kuma rage hayaƙin kabon ta hanyar lantarkin hasken rana, injinan iska da motoci masu batir. Masu nazarin tattalin arzikin bayan haɓaka ba su musanta amfanin waɗannan fasahohi ba. Takaddamarsu a kan sauri take.

A 2023, Jefim Vogel na Jami'ar Leeds da Hickel sun wallafa bincike a mujallar Lancet Planetary Health, inda suka gano ƙasashe masu arziki 11 da suka iya rage hayaƙinsu tsakanin 2013 da 2019 alhali tattalin arzikinsu na ƙaruwa, cikinsu har da Birtaniya, Jamus, Faransa, Kanada da Suwidin. Sai dai lissafinsu ya nuna cewa a irin wannan tafiya, ƙasashen za su ɗauki sama da shekara 220 kafin su rage hayaƙin da kashi 95 cikin 100, kuma kafin nan za su fitar da ninki 27 na rabon da ya kamata a ce nasu ne. A wannan shekarar ce kuma wata tawagar masana ta bayyana cewa ɗan'adam ya ƙetare shida daga cikin iyakoki tara da aka zayyana a matsayin haddin abin da duniya za ta iya jurewa.

Daga nan ne masu wannan ra'ayi suka ce ƙasashen da suka riga suka ƙoshi su rage samar da abin da ba dole ba, kamar jiragen sama na alfarma, manyan motoci masu shan mai da tufafin da ake sawa sau biyu a jefar, su mayar da hankali kan biyan buƙatun jama'a kai tsaye.

Abin da ya sa sai da kwamfuta

Faɗar haka abu ne mai sauƙi, amma tattalin arzikin zamani an gina shi ne a kan zaton cewa gobe za ta fi yau. A ɗauki masana'antar da ke da ma'aikata 100. Idan sababbin injina suka sa mutum 95 za su iya yin aikin da 100 ke yi, to sai dai kasuwa ta faɗaɗa, ko kuma mutum biyar su rasa aiki. Haka bashin gwamnati yake, haka fansho, haka harajin da ake gudanar da asibitoci da shi: duk sun jingina ne da ƙarin kuɗin shiga. Shi ya sa duk lokacin da haɓaka ta tsaya ba shiri, talaka ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Ba shugaban da zai yarda a yi gwaji da ƙasarsa don a ga abin da zai faru. Nan ne manhajar hasashe ke shigowa. Ana zuba mata alƙaluman ƙasa na gaskiya, kamar yawan jama'a, albashi, haraji, bashi, makamashi da hayaƙi, tare da lissafin yadda kowanne ke taɓa ɗan'uwansa. Sai a sauya manufa ɗaya, misali a rage sa'o'in aiki ko a ƙara harajin dukiya, a bar kwamfuta ta bi sawun abin da zai biyo baya na shekara 30 ko 50. Sakamakon ba duba ba ne. Yana nuna abin da zai iya faruwa ne idan zato kaza da kaza suka tabbata.

Kakan waɗannan manhajoji shi ne World3, wanda Donella Meadows, Dennis Meadows, Jørgen Randers da William Behrens suka yi aiki da shi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, bisa tsarin malaminsu Jay Forrester. Ƙungiyar Club of Rome ce ta nemi aikin, gidauniyar Volkswagen ta biya, aka wallafa sakamakon a 1972 cikin littafin The Limits to Growth, ma'ana iyakar haɓaka. Manhajar ta bi abubuwa biyar: yawan jama'a, abinci, masana'antu, gurɓatar muhalli da ma'adinan da ba su sabuntuwa. Ta nuna cewa idan ba a sauya hanya ba, za a ci karo da iyaka a cikin shekara 100. Littafin ya sha suka, musamman daga masana tattalin arziki da suka ce ya raina ƙarfin farashi da ƙirƙirar ɗan'adam wajen samo mafita. Amma a 2008 Graham Turner na hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ya kwatanta hasashen da alƙaluman shekara 30 da suka biyo baya, ya ga sun yi kusa da turbar da littafin ya zana ta ci gaba da tafiya yadda aka saba.

Gwajin Kanada da na Faransa

World3 ta ɗauki duniya a dunƙule, ba ta san ministan kuɗi ko kasafin shekara ba. Cikin waɗanda suka sauko da lissafin zuwa matakin ƙasa guda akwai Peter Victor na Jami'ar York a Kanada. A littafinsa na 2008, ya gwada tattalin arzikin Kanada daga 2005 zuwa 2035 da manhajar LowGrow. A gwaji ɗaya ya tsayar da haɓaka kawai bai sauya komai ba, sai rashin aikin yi, talauci da bashin gwamnati suka yi tashin gwauron zabi. Shi da kansa ya kira wannan turba bala'i. A wani gwajin kuma ya rage haɓakar sannu a hankali, tare da taƙaita sa'o'in aiki, shirin yaƙi da talauci da harajin hayaƙi, sai rashin aikin yi da talauci suka ragu, hayaƙi ma ya sauka.

Daga baya Victor ya haɗa gwiwa da Tim Jackson na Jami'ar Surrey a Ingila, marubucin rahoton wadata ba tare da haɓaka ba da ya yi tashe a 2009. Sun shafe shekaru suna gina sabuwar manhaja wadda ke bin sawun kowane kuɗi, ta yadda duk abin da ya fita daga hannun wani sai an ga hannun da ya shiga, ko na iyali ne, ko banki, ko kamfani, ko gwamnati. Muhimmancin wannan shi ne ba za a iya ɓoye wanda zai biya kuɗin wata manufa ba. Sun wallafa sakamakon gwajin Kanada na shekarun 2017 zuwa 2067 a 2020.

A wannan shekarar ce Simone D'Alessandro na Jami'ar Pisa a Italiya da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon manhajar EUROGREEN, wadda ta gwada Faransa har zuwa 2050 a kan turba uku. Turba ta farko, ta haɓaka da fasaha mai tsafta kaɗai, ta rage hayaƙi amma ta ƙara rashin aikin yi da tazara tsakanin mai kuɗi da talaka. Ta biyu ta ƙara da tabbacin aikin yi daga gwamnati da rage sa'o'in aiki, sai aka samu kusan irin wannan ragin hayaƙi tare da kyautatuwar rayuwar ma'aikata. Ta uku ta ƙara da rage sayayya da harajin dukiya, kuma ita ce ta fi rage hayaƙi da rashin daidaito. Sai dai turba ta biyu da ta uku duk sun zo da ƙarin giɓi a kasafin kuɗin gwamnati, abin da masu binciken suka bayyana ƙarara.

Darasin da ya fito daga gwaje-gwajen biyu iri ɗaya ne. Tsayawar haɓaka ita kaɗai masifa ce. Abin da ke raba ta da wadata shi ne manufofin da aka tanada tun kafin ta zo, kuma kowace manufa da farashinta.

Makamashi nawa rayuwar mutunci ke buƙata?

Wani reshe na binciken ya juya tambayar ne ta ɗaya gefen. Maimakon a fara da kuɗi, sai a fara da abin da mutum ke buƙata. Narasimha Rao da Jihoon Min na cibiyar IIASA a Ostiriya sun tsara jerin abubuwan da rayuwar mutunci ba ta yiwuwa sai da su. A 2020, Joel Millward-Hopkins, Steinberger, Rao da Yannick Oswald suka lissafa makamashin da za a ƙona don samar da su ga kowa: muhalli mai faɗin murabba'in mita 15 ga kowane mutum, lita 50 ta ruwa mai tsafta a rana, murhun zamani, firji da injin wanki a kowane gida, wayar hannu, asibiti, makaranta da sufuri.

Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. Idan aka yi amfani da fasaha mafi inganci, aka kuma raba daidai, za a iya samar wa mutum kusan biliyan 10 wannan rayuwa a 2050 da makamashin da bai wuce wanda duniya ta yi amfani da shi a shekarun 1960 ba, wato ragin sama da kashi 60 cikin 100 na abin da ake ƙonawa yanzu. Masu binciken ba su ce hakan zai faru ba. Sun nuna ne cewa ƙarancin makamashi ba shi ne ke hana biliyoyin mutane firji da ruwan famfo ba.

Wani binciken da Daniel O'Neill ya jagoranta a Jami'ar Leeds a 2018 ya nuna nisan tafiyar da ke gaba. Cikin ƙasashe kusan 150 da aka auna, ba ko ɗaya da ta biya buƙatun jama'arta ba tare da ta wuce rabonta na albarkatun duniya ba. Masu biyan buƙatun sun ci fiye da kima, waɗanda ba su wuce kima ba kuma jama'arsu na cikin rashi.

Masu suka ba su yi shiru ba

Ra'ayin ya samu shiga har zauren Majalisar Dokokin Tarayyar Turai, inda aka yi taron kwana uku a kansa a watan Mayun 2023, kuma shugabar hukumar tarayyar, Ursula von der Leyen, ta yi jawabi. Amma yawancin masana tattalin arziki ba su gamsu ba. Branko Milanovic, tsohon babban mai bincike a Bankin Duniya, ya daɗe yana cewa idan za a daidaita duniya ba tare da ƙara yawan dukiyarta ba, to sai akasarin mutanen ƙasashe masu arziki sun yarda kuɗin shigarsu ya ragu matuƙa, kuma babu jam'iyyar da za ta ci zaɓe da wannan alkawari.

Suka mafi zafi ta fito ne daga cikin gida. A 2024, Ivan Savin da Jeroen van den Bergh, waɗanda ke da alaƙa da cibiyar da Kallis da Hickel ke aiki, sun bi rubuce-rubuce 561 kan rage haɓaka, suka ce kusan kashi 90 cikin 100 ra'ayi ne kawai, ba nazari mai alƙaluma ba, kuma kaɗan ne suka yi amfani da manhajar hasashe. Magoya bayan fannin sun ƙalubalanci yadda aka zaɓo rubuce-rubucen, amma sukar ta taɓa ainihin giɓin da shirye-shirye irin su REAL da MAPS ke neman cikewa.

Akwai kuma abin da manhaja ke wahalar kamawa. Tana iya lissafa kuɗin da harajin dukiya zai tara, amma da wuya ta faɗi yawan attajiran da za su kwashe dukiyarsu zuwa wata ƙasa, ko yadda masu ba gwamnati bashi za su yi idan suka ji an daina neman haɓaka.

Ina rabon ƙasashe matalauta?

Masu wannan bincike sun sha nanata cewa kiran rage samarwa na ƙasashe masu arziki ne. Ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da lantarki tana buƙatar ƙarin makamashi, ƙarin siminti da ƙarin masana'antu. Hujjarsu ita ce duk abin da mai ƙoshi ya rage, fili ne ya buɗe wa mai jin yunwa. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, amma tana cikin waɗanda fari da ambaliya suka fi yi wa ɓarna. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan lamari maƙwabcinsa ruwan ke duka.

A nan ne batun wanda ya gina manhaja ke da nauyi. Tejal Kanitkar da T. Jayaraman, masana daga Indiya, sun bincika ɗaruruwan hasashen da rahoton IPCC na 2022 ya dogara da su. Sun gano cewa kusan dukkansu sun ɗauka a 2050 mutumin Arewacin Amurka da na Turai zai ci gaba da samun kuɗi da amfani da makamashi ninkin-ba-ninkin na mutumin Afirka kudu da Sahara. Wato an shigar da talaucin wasu cikin lissafin tun daga tushe, sannan aka fito da sakamakon a matsayin hanyar ceton duniya.

Wannan ƙorafi ya girmi yawancin masu yin sa. Bayan fitowar World3, wasu masana na Latin Amurka ƙarƙashin jagorancin Amílcar Herrera a Gidauniyar Bariloche ta Ajantina sun ce bala'in da ake hasashen zai zo, mafi yawan mutanen duniya suna cikinsa tuni. Suka gina tasu manhajar, aka wallafa a 1976. Maimakon ta nemi ƙara dukiya, an tsara ta ne ta nemi ƙara tsawon rai, ta hanyar abinci, muhalli, ilimi da lafiya. Ta kai ga cewa shingen da ke gaban ƙasashe matalauta na siyasa ne da tsarin rabo, fiye da ƙarewar albarkatu. Duniya ɗaya aka auna, amma da aka sauya tambaya sai amsa ta sauya.

Najeriya ta san bambancin girman adadi da walwalar jama'a. A watan Afrilun 2014, bayan sake tsarin lissafi, GDP ɗin ƙasar ya tashi zuwa kimanin Dala biliyan 510, ta zarce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Shekara takwas bayan haka, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan ma'auni na biyu ya duba ruwan sha, makamashin girki, makaranta da nisan asibiti, kusan irin abubuwan da Rao da Steinberger ke ƙirgawa.

Haka kuma abin da Turai za ta yanke zai iso nan ta hanyar kasuwa. Ƙasashen Turai na cikin manyan masu sayen ɗanyen mai da iskar gas na Najeriya, kuma mai ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje. Idan suka rage amfani da makamashi da gaske, baitulmali zai ji a jikinsa. Shirin Sauya Makamashi da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Agustan 2022, bayan alkawarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a Glasgow na daidaita hayaƙin ƙasar nan da 2060, ya ƙiyasta buƙatar ƙarin Dala biliyan 410, kuma ya ɗauki gas a matsayin gadar tsallakawa. Amma tun 2019 Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke shawarar daina ba da rance ga ayyukan mai da gas, matakin da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya sha kokawa da irinsa. Masu ba da rance suna kafa hujja ne da hasashen manhajoji, kuma akasarin waɗannan manhajoji a Turai, Amurka da Japan ake gina su.

Shirin REAL ya yi alkawarin tsara manufofi daban ga ƙasashen Kudu, ciki har da yadda za su rage dogaro da sayar da ɗanyen kaya da bashin waje. Sai dai jagororinsa uku duk a jami'o'in Turai suke, kuɗin ma daga can ya fito. Ana sa ran kammala shi a 2029, shekarar da kwamitin IPCC ya tsara fitar da dunƙulallen rahotonsa na bakwai. Hasashen da wannan rahoto zai dogara da su a yanzu ake gina su, kuma a cikinsu ne za a rubuta yawan lantarkin da ake zaton ɗan Najeriya zai samu a 2050. Jami'o'in Afirka da hukumomin tsare-tsarenta na da 'yan shekarun nan su shigar da nasu alƙaluman da nasu tambayoyin, kafin a rufe lissafin.